Zaɓen Hedifon Mai Rufaffen Baya Domin Gida da Tafiya

Hedifon, wato lasifikar kunne mai ƙoƙuna biyu da maɗaurin da ke ratsa tsakiyar kai, ya kasu gida biyu idan aka yi la'akari da yadda aka ƙera bayan ƙoƙunansa. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda aka bar masa raga ko ƙananan huji domin iska da sauti su riƙa shiga suna fita, akwai kuma mai rufaffen baya, wanda aka toshe shi da murfin roba ko ƙarfe ko katako, ta yadda kunnen mai sauraro zai kasance cikin wani ɗan ɗaki da babu kowa a ciki sai shi. Na biyun ne ya fi dacewa da rayuwar akasarin mutane, domin gidan da ake zaune da iyali, da ɗakin kwanan ɗalibai, da motar haya, duk wurare ne da shiru ke wuyar samuwa, kuma wurare ne da maƙwabcin zama yake da haƙƙin kada a cika masa kunne da abin da bai zaɓa ba. Sai dai wannan nau'in ne kuma ya fi wuyar ƙerawa da kyau, kuma kusan dukkan alherinsa da aibinsa suna rataye ne a kan abu guda, wato yadda ƙoƙon ke liƙewa a jikin kan mutumin da ya sa shi.

Hedifon na farko-farko a toshe bayansu yake, domin kayan aiki ne na masu karɓar saƙo. A 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin, mazaunin jihar Yuta, ya haɗa wani nau'i da hannunsa, wanda rundunar sojan ruwan Amurka ta riƙa saye domin ma'aikatan rediyonta. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fitar da DT 48, wanda ya yi amfani da maganaɗisu da naɗin waya mai motsi, tsarin da har yau mafi yawan hedifon ke kansa, sannan a 1958 John Koss ya fito da wanda ke raba sauti zuwa dama da hagu domin masu sauraron kiɗa a gida. Buɗaɗɗen baya bai zo ba sai 1968, lokacin da kamfanin Sennheiser ya fitar da HD 414. Da Sony ya kawo Walkman a 1979 sauraro ya fita daga ɗaki ya hau titi da jirgin ƙasa, tun daga nan kuma tambayar yadda za a tare hayaniyar waje, da yadda za a hana kiɗan mutum damun na kusa da shi, ta zama ta kowa da kowa.

Ba za a gane dalilin da ya sa murfin baya yake da wannan tasiri ba sai an san abin da ke cikin ƙoƙon. A ciki akwai ƙaramar lasifika wadda faɗinta kan kai milimita 40 zuwa 50, ta ƙunshi maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar tagulla, da wani tantani mara nauyi da aka manna wa naɗin. Idan lantarkin da ke ɗauke da waƙa ya bi ta cikin naɗin, sai tantanin ya riƙa kaɗawa gaba da baya yana tura iska, kuma wannan kaɗawar iskar ce kunne ke ji a matsayin sauti. Ana auna yawan kaɗawa a cikin sakan ɗaya da ma'aunin da ake kira hats, kuma kunnen matashi lafiyayye yana iya ji daga kimanin hats 20 zuwa 20,000. Kaɗawa kaɗan tana ba da amo mai kauri irin na babbar ganga, wanda masu harkar kiɗa ke kira bes, kaɗawa mai yawa kuma tana ba da amo siriri irin na sarewa da ƙararrawa. Inda gizo ke saƙa shi ne, duk lokacin da tantanin ya tura iska ta gaba yana janye ta ne ta baya, saboda haka sauti biyu yake haifarwa a lokaci guda, ɗaya kishiyar ɗaya, waɗanda idan aka bari suka haɗu sukan kashe juna, musamman a ɓangaren amo mai kauri.

A hedifon mai buɗaɗɗen baya, sautin bayan yana ficewa ya watse a ɗaki, abin da ya sa kiɗan ke fitowa da sarari da walwala, ya kuma sa duk wanda ke zaune kusa yana jin abin da ake ji. A mai rufaffen baya kuwa sautin ba shi da mafita, sai ya bugi murfin ya dawo kan tantanin, ya ƙara wa wasu amo ƙarfi ya danne wasu. Duk wanda ya taɓa sa baki cikin tulu ya yi magana ya san yadda muryarsa ke kumbura ta rasa kaifi, kuma abin da ke faruwa ke nan a ƙoƙon da ba a yi wa dabara ba. Masu ƙera na kirki suna magance wannan ta hanyar shimfiɗa soso ko ulu mai shanye sauti a cikin ƙoƙon, da karkata lasifikar, da barin wani ɗan huji mai ƙayyadadden girma da ke rage matsin iska ba tare da ya zubar da sautin ba, da kuma yin murfin da kauri domin kada shi kansa ya riƙa rawa. Wannan aikin ba a ganin sa daga waje, shi ne kuma abu na farko da masu ƙera na banza ke tsallakewa, shi ya sa hedifon biyu kan yi kama a ido alhali a kunne sun yi hannun riga. Ko a mafi kyawunsu ma akwai abin da ba ya gushewa gaba ɗaya: kiɗan yakan zama kamar a tsakiyar kai ake yin sa, mai sauraro kuma yakan ji taunarsa da takunsa da gogar igiya a jikin riga fiye da yadda ya saba. Wannan ne farashin keɓewar da ya nema, kuma ga wanda ke zaune cikin jama'a farashi ne da ya dace a biya.

Tsakanin ƙoƙon da kai akwai zoben soso da aka lulluɓe da fata ko yadi, kuma wannan zoben, duk da shi ne mafi araha a cikin kayan, shi ne ya fi kowane sashe yanke hukunci. Amo mai kauri a rufaffen hedifon yana samuwa ne ta hanyar matsa iskar da aka kulle tsakanin tantani da dodon kunne, don haka ko ɗan tsagi ƙanƙane ya samu a gefen zoben, matsin zai tsere, bes ɗin ya zube, hayaniyar waje kuma ta samu ƙofa. Hannun tabarau mai kauri yana buɗe irin wannan tsagi, haka ma bakin hula idan ya sauko kan kunne, da rawani, da ɗankwali, da hijabi mai kauri, da kitson da ya biyo ta bayan kunne, har ma da siffar muƙamuƙin mutum, domin wasu suna da ɗan lotsi a ƙasan kunne wanda zoben ba ya cikewa. Wannan ne ya sa mutum biyu kan saurari hedifon ɗaya, ɗaya ya ce bes ya yi yawa, ɗayan ya ce babu shi sam, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Yabon da wani ya yi wa hedifon shaida ce a kan nasa kan da nasa kunnen, ba ta zama hujja a kan na wani ba.

Gwajin wannan abu mai sauƙi ne, kuma ya kamata a yi shi kafin kuɗi ya bar hannu. Mai saye zai sa hedifon ɗin a irin shigar da ya saba yini da ita, da tabaransa da hularsa ko mayafinta, ya kunna waƙar da ke da bugun ganga mai ɗorewa, sannan ya ɗan danna ƙoƙunan biyu da tafin hannu. Idan amon ya cika ya yi nauyi da dannawar, ya kuma rame da zarar an saki, to zoben bai zauna ba, kuma ba zai zauna a gida ba. Daga nan sai ya juya wuya dama da hagu, ya sunkuya kamar mai karatu, ya buɗe baki ya rufe, yana lura ko sautin na canzawa. Hedifon da ke riƙe amonsa a duk waɗannan motsi ya ci rabin jarrabawa.

Ƙoƙunan ma iri biyu ne: akwai manya da ke kewaye kunne su zauna a kan ƙashin kai, akwai kuma ƙanana da ke zama a kan kunnen kansa. Ƙananan sun fi sauƙin ɗauka, kuma akwai fitattu a cikinsu, kamar HD 25 na Sennheiser da ma'aikatan watsa labarai ke amfani da shi shekaru da dama, amma suna samun liƙewa ne ta hanyar matse kunne, abin da kan zama ciwo bayan awa ɗaya ko biyu, musamman ga mai tabarau. Manyan sun fi daɗin dogon zama muddin ramin zoben yana da faɗi da zurfin da kunne zai shiga ba tare da ya taɓa lasifikar ba. Abin da aka lulluɓe soson da shi yana da nasa tasiri wanda mazauna ƙasashe masu zafi suka fi kowa sani. Fatar roba tana liƙewa sosai tana tare hayaniya, amma ba ta numfashi, kuma a bazarar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, lokacin da zafi kan haura digiri 40, gumi yakan taru a cikin zoben cikin ɗan lokaci, gishirin gumin da zafin kuma su sa fatar ta tsattsage ta riƙa barin baƙin ɓarɓashi a kunne da wuyan riga. Yadi mai laushi irin na karammiski ya fi sanyi kuma ya fi jure gumi, sai dai yana barin hayaniya kaɗan ta shiga, yana kuma kama ƙura. Nauyi ma abin dubawa ne: yawancin waɗanda ake iya yini da su suna tsakanin giram 230 da 300, wanda ya doshi 400 kuwa wuya yakan san da shi.

Tare hayaniya, wadda ita ce babban dalilin sayen rufaffen hedifon, tana da iyakar da ya kamata a sani domin kada a yi tsammanin abin da ba zai samu ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya a cikin iska, don haka igiyar amo mai hats 5,000 tsawonta bai wuce santimita 7 ba, alhali ta amo mai hats 100 ta kai kusan mita uku da rabi. Murfi da soso suna iya tare siririn amo sosai, su kuma rage matsakaici, wanda a nan ne muryar mutane take, amma amo mai kauri yana girgiza ƙoƙon gaba ɗaya ya wuce ciki kamar babu komai a gabansa. Saboda haka hedifon da murfi kaɗai ya dogara da shi zai rage ƙarar kwanuka da surutun tsakar gida, amma rugugin janareta da gurnanin injin babbar mota za su iso kunne kusan yadda suke.

Domin wannan giɓin ne aka ƙirƙiro dabarar kashe hayaniya da lantarki. Tushenta shi ne abin da aka ambata a baya, cewa sauti da kishiyarsa suna kashe juna, kuma wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya yi rajistar wannan tunani tun shekarun 1930, tun kafin a samu na'urorin da za su iya aiwatar da shi. Amar Bose, malami a jami'ar fasaha ta MIT a Amurka, ya soma tunanin sa dabarar cikin hedifon a 1978 bayan ƙarar jirgin sama ta hana shi jin kiɗa, kamfaninsa ya fitar da na matuƙa jirgi a 1989, na sauran jama'a kuma mai suna QuietComfort a 2000. Yadda abin ke aiki shi ne, ƙananan makirufo da ke jikin ƙoƙon suna ɗaukar hayaniyar, wata 'yar na'ura ta lissafa kishiyarta nan take, lasifikar ta fitar da ita tare da waƙar. Dabarar ta fi cin nasara a kan amo mai kauri wanda ba ya canzawa, irin na janareta da jirgin sama da na'urar sanyaya ɗaki, wato daidai inda murfi ya gaza, amma kukan jariri da odar mota da kiran mai talla suna zuwa ne ba zato kuma a sirance, don haka murfi da soso ne dai ke ɗaukar nauyinsu. Tana buƙatar batir, tana kawo wani ɗan shuu da ake ji a wuri mai shiru, wasu mutane kuma sukan ji kamar kunnensu ya toshe idan an kunna ta. Ga mai yawan tafiya ko wanda janaretan maƙwabci ke bakin tagarsa, ta cancanci ƙarin kuɗinta. Ga wanda damuwarsa surutun mutane ce kawai, zobe mai liƙewa da kyau zai yi masa kusan duk aikin.

A nan ne batun ya wuce jin daɗi ya taɓa lafiya, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi da rufaffen hedifon yake da ita. A cikin kunnen ciki akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da kaɗawar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma idan ƙara mai yawa ta kashe su ba sa sake tsirowa a jikin ɗan'adam. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da ke hawa ta hanyar ninkawa, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi zai iya sauraro a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, yara kuma a desibel 75, amma idan aka kai desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 a mako. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Abin da ke sa mutum ɗaga murya galibi shi ne ƙoƙarin rinjayar hayaniyar da ke kewaye da shi, saboda haka wanda ke cikin mota da hedifon mai yoyo yakan ƙure wayarsa ba tare da ya san ya wuce iyaka ba, alhali wanda aka tare masa hayaniyar yana jin komai tangaram a rabin wannan ƙarfi. Shawarar hukumar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar muryar na'ura, kuma ƙugi ko shuu da ke saura a kunne bayan an cire hedifon alama ce cewa an riga an yi ɓarna. Sai dai keɓewar da ke kare kunne a ɗaki haɗari ce a bakin titi, inda jin babur da ke tahowa daga baya ke iya zama bambanci tsakanin tsira da asibiti. Mai tafiya a ƙasa cikin gari ya kamata ya sauke hedifon zuwa wuya, ko ya kunna yanayin da ke shigo da sautin waje idan nasa yana da shi.

Daga nan sai tambayar ko wayar hannu za ta iya tuƙa abin da aka saya. Lambobi biyu ne ke ba da amsa. Ta farko ita ce turjiya, wato yadda naɗin wayar ke tirje wa lantarki, ana auna ta da om. Ta biyu kuma ita ce yawan desibel da hedifon ke fitarwa idan aka ba shi miliwat ɗaya na wuta, wanda a mafi yawansu yana kusa da 100. Na'urar da ke fitar da bolt ɗaya za ta iya zuba kimanin miliwat 31 cikin hedifon mai om 32, amma miliwat 4 kawai za ta zuba cikin mai om 250, kuma wayoyi da yawa ba sa ma kai bolt ɗaya. Sakamakon shi ne mai turjiya da yawa zai yi magana a waya, amma a kasalance, musamman a tsofaffin waƙoƙi da karatuttukan da aka ɗauka da ƙaramar murya. Wanda zai jona a waya ko kwamfutar tafi-da-gidanka ya nemi tsakanin om 16 da 80, mai om 250 kuwa na wanda yake da amfilifaya ne a gida, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika. Tun da Apple ya cire ramin jona hedifon mai milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016 kamfanoni da dama suka bi sahu a manyan wayoyinsu, ko da yake wayoyi masu matsakaicin farashi da yawa sun riƙe shi. Wanda tasa ba ta da ramin zai buƙaci ɗan mahaɗin da ake sa wa a wurin caji, kuma ya tabbatar ya sayi wanda ke da na'urar juya sauti a cikinsa, domin akwai wayoyin da ba sa aiki da wanda babu komai a ciki sai igiya.

Mara igiya, wanda ke karɓar sauti ta Bluetooth, ya kawar da wannan lissafin tunda amfilifayarsa a jikinsa take, amma ya zo da nasa sharuɗɗan. Hanyar Bluetooth ba ta da faɗin da za ta ɗauki sautin faifan CD cikakke, wanda ke buƙatar kilobit 1,411 a sakan, don haka ana matse sautin kafin a aika, ta tsarin SBC da kowace na'ura ke da shi, ko AAC da iPhone ke amfani da shi, ko aptX, ko LDAC na Sony da ke kai kilobit 990. Masu talla suna kambama waɗannan sunaye, amma gaskiyar magana ita ce bambancin da ke tsakaninsu ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da bambancin da zoben soso ke kawowa, balle ga wanda waƙoƙinsa an riga an matse su an tura ta WhatsApp. Abin da ya fi cancantar tunani shi ne batir, domin yana tsufa bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, kuma a hedifon da yawa canza shi aiki ne mai wuya. Mai igiya na kirki yana iya yin shekara goma ko fiye ba ya neman wuta, abin da yake da daraja a inda lantarki ba shi da tabbas. Wanda ya zaɓi mara igiya ya nemi wanda ke karɓar igiya idan caji ya ƙare.

Rubutun da ke jikin kwali bai cika taimakawa ba. Kusan kowane kwali yana cewa hedifon ɗin na fitar da hats 20 zuwa 20,000, wasu ma su ce 40,000, amma wannan bai faɗi ko amo mai kauri da matsakaici da siriri sun fito daidai gwargwado ba, kuma wannan daidaiton shi ne ainihin ingancin sauti. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka gudanar a kamfanin Harman tun daga 2012, inda aka riƙa sa mutane su saurara ba tare da sun san sunan abin da ke kansu ba, ya nuna cewa akasarin masu sauraro sun fi son sautin da ya yi kama da na lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau, da ɗan ƙarin bes mai tsabta. Wani binciken da Jeroen Breebaart ya wallafa a 2017, bayan nazarin awon hedifon 283, bai samu wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin farashi da wannan daidaito ba. Tsada tana iya sayen ƙarfe a madadin roba da ɗinki mai kyau, amma ba ta lamunce kyawun sauti.

Akwai wasu 'yan nau'o'i da suka daɗe ana auna sauran da su, kuma duba su yana nuna yadda kowane zaɓi ke da riba da hasara. MDR-7506 na Sony, wanda ya fito a 1991, mai om 63, mara nauyi ne kuma yana naɗewa, yana fito da muryar mai magana fili ƙwarai, abin da ya sa ya zama ruwan dare a gidajen rediyo, amma siririn amonsa yana da kaifin da kan gajiyar da wasu, igiyarsa mai murɗe kuma tana da nauyi ba ta cirewa. DT 770 Pro na Beyerdynamic yana zuwa da om 32 da 80 da 250, na biyun da na ukun da zoben karammiski mai faɗi wanda ya fi daɗi a zafi, kuma ana samun kayan gyaransa, sai dai ba ya naɗewa, don haka na gida ne fiye da na jaka. ATH-M50x na Audio-Technica, mai om 38, yana naɗewa, igiyarsa tana cirewa, bes ɗinsa na da ƙarfi, amma ramin zobensa ya yi wa masu manyan kunnuwa kaɗan kuma yana tara gumi. K371 na AKG, wanda ya fito a 2019, an daidaita shi ne bisa sakamakon binciken Harman, kuma sautinsa ya fi na sauran kusanci da wancan ma'auni, sai dai yana cikin waɗanda bes ɗinsu ke saurin zubewa idan zoben bai liƙe ba.

Waƙar gwaji ta zama wadda kunne ya riga ya haddace, domin baƙuwar waƙa ba ta nuna abin da ya ɓace ko abin da aka ƙara. Kalangun da ke bayan muryar Mamman Shata yana da amfani a nan, domin amonsa yana hawa yana sauka da matsewar tsarkiya, kuma hedifon da bes ɗinsa ya kumbura yakan dunƙule wannan hawa da sauka ya zama dum-dum guda. Kuntigin Ɗan Maraya Jos yana nuna ko siririn amo ya yi kaifin da zai soki kunne, karatun Alƙur'ani ko muryar mai labarai da aka ɗauka da kyau kuma suna nuna lafiyar matsakaicin amo, inda ya kamata a ji fitar kowane harafi ba tare da “s” ta riƙa tsartuwa ba. Tunda tsofaffin faya-fayan ba su da amo mai zurfi sosai, sai a haɗa da waƙar zamani guda da aka ɗauka a situdiyo. A yi gwajin a matsakaiciyar murya, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi kyau, kuma a bar hedifon ɗin a kai aƙalla minti goma sha biyar, tunda matsi a tsakar kai da zafin kunne ba sa bayyana a minti na farko.

Sanannun sunaye su ne aka fi yi wa jabu, kuma jabun yakan kwaikwayi kwali da tambari har ya ruɗi ido, amma cikin ƙoƙonsa fayau yake babu abin shanye sauti. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na dillalan da kamfanin ya amince da su ya isa ya sa mai saye ya ja da baya, haka ma mai shagon da ya ƙi yarda a buɗe a gwada ko a dawo da kaya. Kafin a biya yana da kyau a duba maƙalin da ke haɗa ƙoƙo da maɗauri, domin a nan ne masu naɗewa suka fi karyewa, a kuma tambaya ko zoben soso yana cirewa kuma ana samun irinsa. Soso yana lotsewa da amfani, a cikin shekara ɗaya zuwa biyu ga mai sa shi kullum, kuma idan ya lotse kunne yakan matso kusa da lasifika, liƙewar ta ragu, sautin ya canza a hankali ta yadda mai shi ba zai lura ba. Goge zoben da ɗan tsumma mai laima bayan an yi gumi, da ajiye hedifon cikin jakarsa a lokacin hunturu domin kada ƙura ta shiga ta kwanta a kan tantani, da nisantar barin sa cikin motar da ke tsaye a rana, duk suna ƙara masa kwana. Idan lokacin canji ya yi, a nemi zobe mai kauri da faɗi da irin fata ɗaya da na asali, domin masu ƙerawa da wannan zoben suka daidaita sautin, kuma sa karammiski a inda aka tsara fata yakan rage bes ya kuma buɗe wa hayaniya hanya.